Elinor Ostrom, Matar da ta Binciki Dukiyar Tarayya

1. Dukiya iri biyu

A kowane gari akwai dukiya iri biyu. Akwai wadda take ta mutum ɗaya, kamar rigarsa da akuyarsa da hatsin da ke cikin rumbunsa. Akwai kuma wadda mutane da yawa suke amfani da ita tare, kamar rijiyar gari, da tabki, da makiyaya, da burtali, da dajin da mata suke samo iccen girki. Wannan ta biyun ita ake kira dukiyar tarayya.

Dukiyar tarayya tana da hali biyu. Na farko, da wuya a hana mutum taɓa ta. Na biyu, abin da wani ya ɗiba ya ragu ga saura. Ciyawar da saniyar wani ta ci yau, saniyar maƙwabcinsa ba za ta same ta gobe ba. To, yaya za a yi mutane su ci amfanin irin wannan dukiya ba tare da sun ƙarar da ita ba?

Wannan tambaya tana cikin manyan tambayoyin ilimin tattalin arziki, wato ilimin da yake binciken yadda mutane suke samun dukiya, da yadda suke raba ta, da yadda suke ajiye wani abu domin gobe. Wata mace ƴar ƙasar Amurka, mai suna Elinor Ostrom, ta yi wajen shekara 50 tana neman amsarta.

2. Ƙuruciyarta da karatunta

An haifi Elinor ran 7 ga watan Agusta 1933 a birnin Los Anjalas, cikin jihar Kalifoniya. Lokacin nan ana fama da talauci a Amurka, mutane da yawa ba su da aiki. Gidansu ba masu hali ba ne. Tun tana ƙarama ta koyi shuka kayan lambu a bayan gida, da adana su don lokacin da babu.

Elinor tana da i'ina. Da ta shiga makarantar sakandare, sai ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu muhawara. A can ake ba ɗalibi magana ya kare ta, sa'an nan a ce ya koma ɗaya gefen ya kare abin da ya soka. Wannan ya saki harshenta, ya kuma koya mata cewa kowace magana tana da fuska fiye da ɗaya. Ta iya iyo ƙwarai, har tana koya wa yara, tana tara kuɗin karatu.

A gidansu ba wanda ya taɓa zuwa jami'a kafin ita. Ta gama karatun farko na jami'a a 1954. Da ta fita neman aiki, duk inda ta je sai a tambaye ta ko ta iya buga tafireta, don a zamanin nan aikin da ake ba mata ke nan a ofis. Ta yi ƴan shekaru tana aiki a wani kamfani, sa'an nan ta koma jami'a.

Ta nemi shiga sashen tattalin arziki, aka ƙi ta. Aka ce ba ta yi lissafi mai zurfi ba. Dalili kuwa shi ne, tun a sakandare an karkatar da ita daga wannan darasi, don ana ganin ba na ƴan mata ba ne. Sai ta shiga sashen ilimin mulki. Bayan shekaru ta koyi lissafin da ya tsere mata.

3. Ruwan ƙarƙashin ƙasa

Bincikenta na farko a kan ruwa ne. Birnin Los Anjalas yana bakin teku, ruwan sama kuma ba shi da yawa a can. A ƙarƙashin ƙasar akwai ruwan daɗi, irin wanda ake tararwa in an gina rijiya. Garuruwa da kamfanoni da manoma, kowa ya haƙa rijiyarsa ya sa injin jan ruwa. Ruwan da ake ja ya fi wanda yake komawa. Sai ruwan daɗi ya riƙa yin ƙasa, ruwan gishiri na teku ya soma kutsowa cikin rijiyoyin da ke kusa da gaɓa.

Kowa ya ga hatsarin, amma ba mai son ya rage shi kaɗai. A 1945 masu rijiyoyin suka kafa ƙungiya, suka kuma kai maganar gaban alƙali. Aka sa masana suka auna ruwan, aka bayyana wa kowa yawan abin da kowane mutum yake ja. Bayan doguwar shawara suka yarda su rage, aka naɗa mai tsaron ruwa wanda yake rubuta abin da kowa ya ɗiba. Suka kuma haɗa kuɗi aka haƙa jerin rijiyoyi a bakin teku, ana tura ruwan daɗi cikinsu don ya tare na gishiri. Da haka ruwan ya tsira.

Elinor ta halarci tarurrukansu, ta karanta takardunsu, ta rubuta littafin da ya ba ta digirin dokta a 1965. Abin da ta riƙe daga wannan aiki shi ne, mutanen da suke cikin matsala suna iya zama su kafa wa kansu doka. A shekarar nan ta koma Jami'ar Indiyana tare da mijinta Binsent Ostrom. A 1973 su biyu suka buɗe wata cibiyar bincike, inda malamai da ɗalibai daga ƙasashe da yawa suke aiki tare kamar maƙera a maƙera ɗaya.

4. Maganar Garet Hardin

A 1968 wani masani mai suna Garet Hardin ya rubuta wata maƙala da ta bazu cikin duniya. Ya ba da misalin makiyaya wadda kowa yake iya shiga. Ya ce kowane makiyayi zai yi tunani haka: in ya ƙara saniya ɗaya, ribar tasa ce shi kaɗai, amma ɓarnar da za ta yi wa ciyawa, dukan jama'a za su raba ta. Saboda haka kowa zai yi ta ƙara shanu har makiyayar ta mutu.

Masu bin wannan ra'ayi suka ce magani biyu ne kurum. Ko gwamnati ta karɓe dukiyar ta sa masu tsaro, ko a yanka ta a raba wa mutane, kowa ya san nasa. Hukumomi da yawa sun ɗauki wannan magana, musamman game da dazuzzuka da makiyayun Afirka da Asiya.

Elinor ta yarda cewa ɓarnar da Hardin ya kwatanta tana faruwa. Amma ta lura da wani abu. Makiyayan da ke cikin misalinsa ba sa magana da juna, ba su da maigari, ba su da doka. Makiyayan gaskiya kuwa sun san juna, suna haɗuwa a mashaya da kasuwa. Ta ce a je a duba abin da mutane suke yi, tun da gani ya kori ji. Ita da abokan aikinta suka tara rahotanni masu yawa a kan manoma da masunta da makiyaya, suka jera su, suka gwada wannan da wancan. A 1990 ta fitar da littafinta mafi shahara, a kan yadda ake mulkin dukiyar tarayya.

5. Garuruwa uku

Gari na farko shi ne Torbel, wani ƙauye mai mutum wajen 600 a kan duwatsun ƙasar Suwis. A can hunturu yana da tsanani, ƙanƙara tana rufe ƙasa, shanu suna zama cikin garke suna cin harawar da aka ajiye. In ɗumi ya zo sai a kai su makiyayar gari a kan tudu. A 1483 mutanen Torbel suka rubuta yarjejeniya a kan makiyayarsu da dajinsu. A 1517 suka ƙara wata doka: ba wanda zai kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da harawarsa lokacin hunturu. Suna da ma'aikaci mai cin tarar wanda ya karya dokar. Ɗaruruwan shekaru sun wuce, makiyayar ba ta mutu ba.

Na biyu shi ne Balansiya, a ƙasar Ispaniya. Manoman lambu na wurin suna shayar da gonakinsu da ruwan kogin Turiya, ta hanyar manyan magudanai. Kowa yana da lokacinsa na ban ruwa, kuma mai jiran layi yana tsaye yana kallon wanda ke gabansa. Manoman su suke zaɓen alƙalan ruwa daga cikinsu. Kowace Alhamis da tsakar rana alƙalan suna zama a ƙofar babbar majami'ar birnin. Mai ƙara ya faɗi tasa, wanda ake ƙara ya faɗi tasa, a yanke hukunci nan take da baki.

Na uku shi ne Alanya, a bakin tekun Turkiyya, inda masunta wajen 100 suka daɗe suna faɗa a kan wuraren da kifi ya fi yawa. Daga baya suka samo dabara. Kowane watan Satumba suna rubuta sunayen masunta da sunayen wuraren kamun kifi, a yi ƙuri'a, kowa ya sami wurin farawa. Kowace rana kowa ya matsa wuri na gaba. Da haka kowa yana samun ranarsa a wuri mai kyau, kuma wanda ya yi niyyar zamba ya san mai rabon ranar zai zo ya same shi.

Elinor ta rubuta labarin wuraren da abin ya lalace su ma. A wasu gaɓoɓin Turkiyya, kamar Bodrum da Izmir, masunta sun yi yawa, manyan jirage suna shigowa daga waje, kuma ba a sami dokar da kowa ya yarda da ita ba. Kifi ya ragu, rigima ta ƙaru.

6. Sharuɗɗa takwas

Da ta gwada wuraren da suka yi nasara da waɗanda suka kasa, sai ta ga dokokinsu ba iri ɗaya ba ne. Dokar Torbel ba za ta yi aiki a Alanya ba. Amma akwai abubuwa takwas da ake yawan samu a wuraren da dukiyar ta daɗe:

1. An san iyakar dukiyar, an kuma san masu hakkin amfani da ita.
2. Dokar ta dace da wurin, kuma rabon kowa daidai yake da wahalar da ya sha.
3. Waɗanda dokar ta shafa suna da baki wajen kafa ta da gyara ta.
4. Akwai masu sa ido, daga cikin jama'ar ko waɗanda jama'ar ta naɗa.
5. Horo yana hawa sannu sannu: gargaɗi, sa'an nan ƙaramar tara, sa'an nan babba.
6. Akwai wurin sasanta rigima kusa, ba tare da kashe kuɗi da yawa ba.
7. Hukuma ta yarda cewa jama'a suna da ikon kafa dokarsu.
8. In dukiyar babba ce, ƙananan ƙungiyoyi suna haɗuwa cikin manya, daga unguwa zuwa gari, daga gari zuwa yanki.

Don ta ƙara tabbatarwa, ta shirya wani wasa a jami'a tare da abokan aikinta. Ana zaunar da ɗalibai takwas, kowa yana ɗiba daga asusu ɗaya wanda ribarsa take raguwa in an matsa masa. In an hana su magana, sai su yi ta ɗiba har kowa ya yi hasara. In an bar su su yi magana ido da ido, sai su daidaita, ribarsu ta ƙaru. In kuma sun yi shawara suka sa wa kansu tara, nan ne suka fi samun riba.

7. Manoman Nepal

Nepal ƙasa ce mai duwatsu a arewacin Indiya, inda ake noman shinkafa da ruwan koguna. Daga ƙarshen shekarun 1980 Elinor ta riƙa zuwa can. Ita da masanan ƙasar suka tara bayani a kan magudanan ban ruwa fiye da 200. Wasu manoma ne suka gina su da duwatsu da laka da rassan icce. Wasu kuma hukuma ce ta gina su da siminti, da kuɗi masu yawa.

Kowa zai zaci na siminti sun fi. Amma lissafi ya nuna cewa, a jimlace, magudanan manoma sun fi ba da amfanin gona, sun kuma fi kai ruwa ga gonakin da ke can ƙarshe.

Ga dalilin. Madatsar laka, ruwan damana yana cinye ta kowace shekara. Gyaranta yana bukatar hannu da yawa. Manoman da ke kusa da bakin ruwa ba za su iya su kaɗai ba, dole su nemi na ƙarshe. Na ƙarshe kuma ba za su zo gayya ba sai an ba su rabonsu na ruwa. Da aka zuba siminti, na kusa ba su da sauran bukatar kowa, sai su sha ruwan su bar na ƙarshe da ƙishi. Elinor ba ta ce siminti mugun abu ba ne. Ta ce mai gina madatsa ya fara sanin yarjejeniyar da ke tsakanin manoma, kada ya rushe ta bai sani ba.

8. Daji da canjin yanayi

A 1992 ta kafa wani shiri na binciken dazuzzuka a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Amurka. Masu binciken suna ƙidaya itatuwa, suna auna kaurinsu, suna tambayar mutanen ƙauye wa yake kafa doka, wa yake tsaro. Bayan ƴan shekaru su koma su sake aunawa. Suka gano cewa sunan da ke kan takarda, ko dajin gwamnati ne ko na gari, bai isa ya kare daji ba. Dajin da ya fi zama lafiya shi ne wanda masu amfani da shi suke zagayawa suna sa ido.

Wannan ya kai ta ga babbar dukiyar tarayya ta duniya, wato iskar da ke kewaye da mu. In an ƙone gawayin ƙasa ko fetur ko icce, wata iska tana fita wadda ake kira iskar kabon. Tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan ɗaya na iska, wajen kashi 280 ne na kabon. A 2024 sun wuce 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Noma da kiwo da saran daji suna fitar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na iskokin da suke ɗumama duniya. Icce mai rai kuwa yana shan kabon yana gina jikinsa da shi: wajen rabin nauyin busasshen icce kabon ne. Saboda haka gonar da take da itatuwa rumbun kabon ce.

A watan Oktoba 2009 aka ba da sanarwa cewa Elinor Ostrom ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki, tare da wani masani mai suna Oliba Wiliyamson. Ita ce mace ta farko da ta same ta, ita da aka taɓa hana shiga sashen tattalin arziki. Ta ba cibiyarsu ta bincike rabonta na kuɗin. A watan Disamba, lokacin da take karɓar kyautar a Istokholm, wakilan ƙasashen duniya suna taro a Kopenhagen a kan canjin yanayi. Taron ya watse ba a sami yarjejeniyar da ta ɗaure kowa ba.

Elinor ta riga ta rubuta wa Bankin Duniya ra'ayinta a shekarar nan. Ta ce yarjejeniyar duniya abin bukata ce, amma kada a naɗe hannu ana jiran ta. Gida da ƙauye da birni da ƙasa, kowa ya soma a inda yake, don a nan ne mutane suka san juna, suna ganin aikin juna. Kuma aikin yana biyan mai shi tun kafin ya amfani duniya.

9. Itatuwan Maraɗi da Damagaram

Ƙasar Nijar tana cikin ƙasashen da suke fitar da kabon kaɗan ƙwarai, amma tana cikin waɗanda zafi da rikicewar damana suka fi taɓawa. Labarin itatuwanta yana tafiya daidai da abin da Elinor ta gano.

Manoma sun daɗe da sanin darajar gawo. Yana zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani yana yin ganye, bisashe su kwanta a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar taki. Hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, ya sa horo mai tsanani ga mai saran gawo.

A 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar daji, a 1974 kuma aka yi ta ƙasa. Dokokin nan sun sa itatuwa masu daraja a hannun hukuma, ko da cikin gonar mutum suka tsiro. An yi su ne don a kare icce. Amma manomi ya ga iccen da ya raina ba nasa ba ne, in ya sare reshe ana iya cin sa tara, in baƙo ya sare shi da dare ba shi da inda zai kai ƙara. Sai da yawa suka gwammace su share tsiro tun yana ƙarami. Wani ɗalibin Jami'ar Indiyana mai suna Jems Tomson, wanda ya yi aiki da cibiyar su Elinor, ya yi bincike a ƙauyukan Hausawa na yankin Damagaram a farkon shekarun 1970. Ya nuna cewa rashin ikon ƙauye na kafa dokarsa da tsare ta yana cikin abubuwan da suke cinye itatuwa. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da gonaki tsirara, iska tana binne shuka da rairayi.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Toni Rinodo, wanda yake aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kuratan da ake sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu take da rai. In an zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse saura, cikin ƴan shekaru sai su zama itatuwa. Ba a bukatar sayen iri ko ban ruwa. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Lokacin yunwar 1984 an ba da abinci ga waɗanda suka gwada shi. Da aka daina ba da abincin, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka sami iccen girki da na gini da harawa, hatsinsu kuma ya yi kyau. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A wasu yankunan Damagaram manoma da kansu suka riƙa rainon gawo cikin gonakinsu.

Amma raino ba ya isa in ba tsaro. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin yankin Agye, jama'a suka kafa kwamiti mai maza da mata da wakilan Fulani makiyaya. Suka kafa dokar saran icce, suna zagaya gonaki, suna horon mai laifi. Hukuma ita ma ta sassauta. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin sasanta maganar filaye, aka sake dokar daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan itatuwan da ya raina a gonarsa.

Masu bincike sun gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama da sababbi. A 2009 suka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 kowace shekara. Manoman da suka yi wannan aiki ba su karanta littafin Elinor ba. Sun san ƙasarsu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Aikin bai ƙare ba. Jama'a tana ƙaruwa, gonaki suna ƙanƙancewa, birane suna neman icce, wani wuri an nome burtali. Ƙauyen da ya kafa doka bai kira makiyaya ba, ko bai kira mata masu neman icce ba, ya karya sharaɗi na uku, kuma dokarsa ba za ta daɗe ba.

10. Ƙarshen rayuwarta

Elinor ta ci gaba da koyarwa da rubutu har cikin ciwon ajalinta. Ta rasu ran 12 ga watan Yuni 2012, tana da shekara 78. A ranar nan aka buga maƙalarta ta ƙarshe, wadda ta rubuta domin taron muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Birazil bayan kwana takwas. Cikinta ta sake jan hankalin shugabanni ga aikin da garuruwa da ƙananan hukumomi suke yi da kansu. Mijinta Binsent ya rasu cikin wannan wata. Cibiyar da suka kafa tana ɗauke da sunansu.

Ma'anar kalmomi

Dukiyar tarayya: dukiyar da mutane da yawa suke amfani da ita tare.
Muhawara: gardama mai tsari, kowa yana kawo hujjarsa.
Maƙala: gajeren rubutu a kan magana ɗaya.
Madatsa: ginin da yake tare ruwan kogi ya karkatar da shi.
Ƙiyasi: lissafin da ya kusanci gaskiya, ba ƙidaya ɗaya bayan ɗaya ba.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.
Tan: kilo 1,000.

Tambayoyi

1. Waɗanne halaye biyu ne dukiyar tarayya take da su?
2. Don me aka hana Elinor shiga sashen tattalin arziki?
3. Mene ne Hardin bai sa cikin misalinsa ba?
4. Yaya dokar 1517 ta Torbel take hana shanu yin yawa?
5. Don me magudanar siminti take iya cutar manoman ƙarshe?
6. Ta wace hanya icce yake rage ɗumamar duniya?
7. Waɗanne sharuɗɗa ne cikin takwas ɗin nan ake gani a Ɗan Saga?

Lissafi

1. In itatuwa miliyan 200 suna kan hekta miliyan 5, itatuwa nawa ne a kan hekta ɗaya?
2. In an raba tan 500,000 a kan hekta miliyan 5, kilo nawa ne ƙarin kowace hekta?
3. Shekara nawa ne tsakanin yarjejeniyar Torbel ta 1483 da littafin 1990?

Aikin yi

Ku rabu ƙungiya ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zaɓi dukiyar tarayya ɗaya ta garinku: rijiya, ko tabki, ko burtali, ko daji. Ku je wurin maigari ko sarkin noma ko wata dattijuwa, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su: Su wa suke da hakkin amfani da ita? Wa ya kafa dokarta? Wa yake tsaro? Me ake yi wa wanda ya karya doka karo na farko, da karo na biyu? Ku rubuta amsoshin cikin littafinku. In kun komo aji, ku gwada su da sharuɗɗa takwas, ku nuna waɗanda ake da su da waɗanda babu.